Tarihin hukumar mishan ta Baftis da littafin ma'ajin ikilisiyarmu

Lokacin da malamin tarihin ikilisiya ya raba mana aikin ƙarshen zango, ni aka ba hukumar aika 'yan mishan ta Baftis ɗin kudancin ƙasar Amurka, wadda yanzu ake ce mata International Mission Board, kuma gaskiya raina bai so ba. Na ga abokaina sun samu su Luther da su Agustin, ni kuma an haɗa ni da jerin sunayen sakatarori da shekarun da kowa ya yi a kujera, nace a raina wannan ai hadda ce kawai irin ta firamare, in rubuta in miƙa in huta. Da rana ina ajin makarantar Littafi Mai Tsarki, ran Lahadi kuma ni ne ma'ajin ikilisiyarmu, ban taɓa kawowa a raina cewa abubuwan nan biyu za su haɗu a wuri ɗaya ba.

Abu na farko da ya fara tsaya mini a wuya shi ne asalin hukumar. A 1845 aka kafa ta, a taron da aka yi a Augusta ta jihar Jojiya, ofishinta kuma a Richmond ta jihar Bajiniya har yau. To me ya kawo kafuwar? Rigima ce a kan bayi. Baftis ɗin arewacin Amurka sun ce ba za su naɗa mai bayi ya zama ɗan mishan ba, na kudu suka ce to a raba gari. Wato mutanen da suka nace sai an bar su da bayinsu baƙaƙe, su ne bayan shekara biyar suka turo mutum ƙasar baƙar fata ya yi wa'azin 'yanci cikin Almasihu. Na je wajen Malam da wannan, nace Baba, in sa wannan a takardar kuwa? Ya cire tabarau ya dube ni yace in ka cire shi ni kuma zan cire maka maki. Su kansu ma sai 1995 suka fito a babban taronsu suka nemi gafara a kan bauta da wariyar launin fata, shekara 150 cif bayan abin.

Mutumin da suka turo, Thomas Jefferson Bowen, ya sauka Badagiri a 1850. Abin da ban sani ba kafin nan shi ne idonsa ba a bakin teku yake ba, can ciki yake hange, wajen mu arewa, amma da ya kai Ilori sarki bai ba shi izinin zama ba, sai ya kafa a Ijaye da Ogbomosho. Ya koyi Yarabanci har ya rubuta nahawu da ƙamus da aka buga a 1858. Daga baya aka tura shi Burazil, can ma ya shiga matsala da hukuma don sun gan shi yana hira da bayi da Yarabanci sun ɗauka tawaye yake shirya musu. Shi ne mai sunan jami'ar Bowen da ke Iwo. Arewar da ya yi ta mafarki kuwa ba Bature ne ya fara kawo mata Baftis ba, 'yan kasuwa ne da ma'aikatan reluwe Yarabawa da suka biyo layin dogo zuwa Kaduna da Zariya da Kano da Jos, suna taruwa suna sujadarsu ba wanda ya aike su ba wanda yake biyansu.

Nan ne na fara lura da wani abu, duk inda na buɗe a tarihin hukumar nan sai in tarar da maganar kuɗi zaune tana jira na. Yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861, kuɗi ya daina zuwa, Ijaye ma aka rushe ta a yaƙin Yarabawa a 1862, 'yan mishan suka yi ta komawa gida ɗaya bayan ɗaya har aka wayi gari ba ko ɗaya. Wa ya riƙe aikin? Irin su Sarah Harden a Legas, matar wani ɗan mishan baƙar fata da ya rasu, da wani saurayi Moses Ladejo Stone. Sai 1875 ɗan mishan W. J. David ya iso ya tarar ikilisiya na nan da ranta.

To ga inda abin ya ba ni haushi sosai. Wannan Stone ɗin da ya riƙe wuta lokacin da ba kowa, ya zama fasto a Legas, ya nemi a ƙara masa albashi David ya ƙi, ya ɗan shiga kasuwanci don ya rufa wa kansa asiri David yace bai yarda ba, ƙarshe dai aka sallame shi ba tare da an tambayi ikilisiya ba. A 1888 jama'a da yawa suka tashi suka bi fastonsu suka kafa tasu, cikinsu har da wanda daga baya ya ajiye sunansa na Turawa ya koma Mojola Agbebi. Baftis fa, waɗanda ke alfahari da cewa kowace ikilisiya ita ke da ikon kanta! Amma da yake aljihun na hannun mutum ɗaya sai koyarwar ta zauna a littafi. Ban ce David mugu ba ne, ya bar ƙasarsa ya sha zazzaɓi a nan, sai dai mai riƙe da jaka yakan manta cewa ajiya aka ba shi. Kuma sai 1964 ɗan ƙasa, J. T. Ayorinde, ya zama babban sakataren Baftis ta Najeriya, lissafa daga 1850 ka gani.

Jerin shugabannin hukumar da na raina ɗin nan ma da na sake duba shi da idon ma'aji sai ya canza kama. James B. Taylor na farko ya yi ta fama da yaƙi da rashin kuɗi. Charles Maddry ya karɓi kujera a 1933 da bashin sama da dala miliyan ɗaya, lokacin karayar tattalin arzikin duniya, bai samu damar yin wani abin a zo a gani ba sai biyan bashi, sai 1943 aka gama. Ba wanda ke yi wa irin wannan shugaba waƙa, amma da bai share wajen ba Baker James Cauthen da ya zo a 1954 ba zai kai 'yan mishan daga wajen 900 zuwa kusan 3,000 ba kafin ya sauka a 1979. Keith Parks ya bar kujera a 1992 cikin rigimar aƙida da ta raba ɗarikar, Jerry Rankin ya biyo baya, a zamaninsa aka canza sunan hukumar a 1997. Sai David Platt, matashi ɗan shekara 36 da aka zaɓa a 2014, shi ya fito fili a 2015 yace cikin shekara shida sun kashe dala miliyan 210 fiye da abin da ya shigo, ana ta toshe ramin da sayar da kadarori da taɓa ajiya. Sama da mutum 1,100 suka bar aiki, wasunsu sun yi shekara ashirin talatin a fagen bishara. An ji zafinsa ƙwarai, amma ni dai na fi ganin laifin shirun da aka yi kafin ya zo. Paul Chitwood ne ya gaje shi a 2018.

Kuma wadda ta fi taimakon asusun nan ba ta taɓa zama a kujerar shugabanci ba. Lottie Moon, wata 'yar ƙaramar mata da ta tafi ƙasar Sin a 1873, ita ta yi ta rubuto wasiƙu tana tsikarar matan ikilisiyoyi, har a Kirsimetin 1888 suka yi baiko na musamman suka tara dala 3,315, aka tura mata uku. Ta rasu a cikin jirgin ruwa a tashar Kobe ta Japan a 1912, jajiberin Kirsimeti, kuma har gobe baikon na ɗauke da sunanta. Duk wanda ya san zumuntar mata a cocinmu ba zai yi mamaki ba, mu maza mu yi ta mitin, su kuma su zo da kuɗin a ƙulle a bakin zani.

Ina cikin rubuta sashen Stone ne abin ya faru. Muna da mai bishara da ikilisiyarmu ta tura wani ƙauye, alawus ɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma wata uku ba mu ba shi ba saboda mun zuba komai a rufin kwano. Ni na san haka, ni ke riƙe da littafin, amma a rahoton wata sai in rubuta "ana kan shiri". Ran wata Asabar ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ƙura har gira, ya sauke mini ɗan buhun gyaɗa yace na yara ne. Muka gaisa, ya iyali ya aiki, ya ba ni labarin mutum huɗu da ke jiran baftisma, bai ko ambaci kuɗi ba. Sai da zai tafi yace Ma'aji, ina so in gaya wa dattawa na fara ɗan sayar da fetur a kwalba a ƙofar gida, kar su ji a bakin wani su ga kamar na bar aikin Ubangiji. Kuma ni kaina na taɓa ji wani dattijo yana gunaguni wai ma'aikacin Allah ba ya kasuwanci, na yi shiru ban ce komai ba.

Washegari bayan sujada na buɗe littafin a gaban dattawa da dikinoni, na karanta adadin yadda yake, bashin mai bishara wata uku, bashin mai kwano, abin da ya rage a asusu. Wani yace haba Ma'aji ai wannan tonon asiri ne, Baba Fasto yace a bar shi ya ƙarasa. An yi ta ja-in-ja har wajen ƙarfe uku, ƙarshe aka tsayar da aikin silin, aka ce duk wata kafin a taɓa ko sisi sai an fara cire na ƙauye. Shugabar zumuntar mata ba ta ce uffan ba a mitin ɗin, da yamma sai ga ta a gida da kuɗin wata ɗaya a leda, tace Malam a kai masa gobe, kar a ce daga wa.

Takardar kuwa maki 68 na samu. Malam ya rubuta da jan biro a gefe cewa na tsallake R. J. Willingham gaba ɗaya, mutumin da ya yi shekara ashirin yana shugabanci, kuma na cika surutu a kan kuɗi.