Na gwada cajin batir babu jona waya a shagona na Tudun Wada

Sana'ata naɗin koyil, wato wayar tagullar da ake naɗawa a cikin injin lantarki. Janareta, fanka, injin ban ruwa, duk abin da ya ƙone shi ake kawo min shagona a Tudun Wadan Gombe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hirar masu Keke Napep da ke shan inuwa a bakin shagon ta koma kan keken lantarki da inda za a riƙa yi masa caji. A nan ne ɗayansu ya nuna min bidiyon wani titi a birnin Ditiroit na Amurka, inda a ƙarshen 2023 aka binne koyil ƙarƙashin kwalta tsawon kusan mita 400, mota na tafiya batirinta na shan wuta. Da abin na kwana a raina.

Duk mai gyaran taransifoma ya san tushen: wuta na kai-komo a koyil ɗaya, maganaɗisu ya tayar da wuta a na biyu, kamar yadda masanin kimiyya Michael Faraday ya gano tun 1831. Sai dai a cajin titi babu ƙarfe tsakaninsu kamar a taransifoma, iska ce zalla.

Na naɗa wayar tagulla zagaye-zagaye kamar saƙar faifai, guda biyu. Ɗaya na manna ƙarƙashin falankin da na mayar titi, ɗaya a ƙasan motar wasan yara mai batir. Na ba koyil ɗin falankin wutar gida ta taransifoma, shiru. Wutarmu sau 50 take kai-komo a sakan ɗaya, cajin motoci irin wannan kuwa sau 85,000 yake so. Dole na farke tsohuwar inbata na haɗa abin da zai gaggauta wutar, kuma taransisto huɗu suka ƙone kafin na gane cewa kowane koyil sai an haɗa shi da kafasitar da ta dace (ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta), su zo daidai kamar rediyo da tasharsa. Kaurin waya ma bai taimaka ba, zafi kawai take ɗauka, domin wuta mai saurin nan a bayan waya take bi, ba ta shiga tsakiya. Da na murɗe sirara masu yawa wuri ɗaya, zafin ya ragu.

Ranar da ƙwan gwaji ya haska, yaron shagona ya daka tsalle: "Maigida, ta kama!" Na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Amma da na ɗaga motar kamar yatsu uku, hasken ya dushe. Na gusa ta gefe kaɗan, ya mutu. Direban da ke kauce wa ramuka da babura, yaya zai saita cikin kekensa daidai kan koyil?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne murfin kwalbar da ya faɗa kan falankin. Ban ankara ba sai ƙaurin katako na ji, murfin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na tuna ƙusoshi da guntayen ƙarfen da ke zube a titunanmu, da awakin da ke kwanciya ƙarƙashin mota. Na'urorin gaske suna da abin da ke gano ƙarfe ya yanke wuta. Nawa ba shi da shi, don haka na hana yara matsowa.

A ganina fasa kwalta ba namu ba ne yanzu. Ko a birnin Gumi na Koriya ta Kudu, da bas-bas suka fara wannan a 2013, wasu sassan hanya kaɗai aka binne wa koyil. Keken Gombe kuwa yakan daɗe a layi yana jiran fasinja, a Tashar Dukku ko bakin babbar kasuwa. Keken da ke tsaye ana iya saita shi, ana iya share ƙasansa, kuma ranar garin nan ta ishi farantan sola a rufin rumfa.

Wanda ya nuna min bidiyon ya tambaye ni, "Malam, to me zai hana a jona waya kawai?" Na ce masa waya ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma yau ita zan ba shi shawara. Duk da haka na sayo tagullar babban faifai, kuma kafin in naɗa shi, abin yanke wutar nan nake haɗawa.