Abin da na gani tun da na fara raka 'yan matan unguwarmu

A unguwarmu nan Zinder akwai wata 'yar ƙungiya ta 'yan mata da ke haɗuwa Asabar da Lahadi bayan la'asar a filin lakwal, wato makarantar boko, daga 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, har 'yan kolej. Suna bitar karatu, suna koyon ɗinki da haɗa sabulun ruwa, wani lokaci a zaunar da su a yi musu bayanin tsabta da abin da ya shafi jikin mace. Wata madam da ta yi ritaya ce ke riƙe da su, ba albashi ba komai, alli ma da kuɗinta take saye. Ɗiyata na ciki. Madam ce ta aiko cewa tana neman uba ko da guda wanda zai riƙa raka yara gida, don sukan kai gab da magariba kuma lungunan da suke bi akwai samari masu zaman banza, na ce to ni zan zo.

A fadarmu ta shayi sai da aka yi ta magana. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce min, "Malam, kai kuma me ya kai ka sha'anin mata?" Na fahimce shi, haka muka tashi muka tarar, ɗiya mace hannun uwarta take. Amma fa ranar da za a ce ta ci gaba da lakwal ko a cire ta, ranar da za a karɓi kuɗin gaisuwarta, uba ne ke yanke magana. To yaya mai yanke magana zai zama shi ne bai san inda take wuni ba? Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, makarantar mazaje da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ta tallafa, wadda ke tara magidanta kan lafiyar matansu, ai a nan jihar Damagaram aka fara ta.

Aikina ba wani mai yawa ba ne. Ina shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, in kira mai garuwa ya zuba musu ruwa a randa don kowa ya san halin ruwa a garin nan, in keken ɗinki ya tsaya in ɗora shi a moto in kai wa mai gyara. In za a yi maganar mata zalla ni ba na shiga, wannan iyaka ce da madam ta gindaya tun farko kuma daidai ne, ko yarinya ɗaya ban taɓa keɓewa da ita ba, rakiya ma a ayari muke tafiya.

Inda na ga amfanin uba da gaske shi ne zauren wani uban. Akwai yarinyar da ta daina zuwa, mai ƙoƙari ce ƙwarai wajen lissafi, madam ta yi ta zarya gidansu ana ce mata maigida ba ya nan. Na je bayan isha'i na yi sallama, ya fito da fitila, muka zauna muka gaisa, muka taɓa zancen damina da tsadar tiyar hatsi a kasuwar Dole, sai can na ce, "Alhaji, ɗiyarmu ce kwana biyu ba mu gani ba." Ya yi shiru ya jima yana murza carbi. Ashe mutumin ba boko yake ƙi ba, tallan da take yi da yamma shi ke kawo kuɗin cefane, sannan yana tsoron a ce an ga ɗiyarsa a hanya da duhu. Abin da ya ji nauyin faɗa wa mace ke nan ya faɗa min. Muka shirya ta yi tallanta da safe a ranakun nan biyu, ni kuma in kawo ta har ƙofa in yi sallama ya ji muryata.

Ba kullum ake dacewa ba. Wata an ɗaura mata aure tana shirin BEPC, jarrabawar gama kolej, mun roƙa, mai unguwa ya sa baki, ba a ji ba, har yau abin na ci min rai. A Nijar kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ɗiya mace, amma takarda ba ta zuwa zaure da ƙafarta sai wani ya je.

Zaman bakin ƙofar nan ne ya nuna min wahalar madam, mace da ciwon gwiwa tana hawa kabu-kabu da kuɗinta, ba wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce mata an gode. Na yi magana da iyaye maza muka yi karo-karo, wani jika wani jika biyu, muka sa rana 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991. Mun sayi turmin atamfa, an rubuta takardar yabo mai unguwa da daraktan lakwal suka sa hannu. Na nace kada a tsaya kan "Allah ya saka da alheri" kawai, a faɗi abin da ta yi ɗaya bayan ɗaya, yaran da ta saya wa kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, wadda ta kai likita cikin dare. Tsofaffin ɗalibanta suka zo wasu da goyo, ɗaya ta tashi za ta yi magana kuka ya hana ta. Madam kuwa da aka ba ta dama cewa ta yi atamfa ta gode, amma tablo, allon rubutu, ya tsage kuma tana son wanda zai karɓe ta ranar da ƙafa ta hana ta fitowa.

Mun gyara tablon a satin. Kuɗin kabu-kabunta yanzu daga asusun iyaye yake fita, mata biyu daga ƙungiyar iyaye mata ta lakwal suna karɓarta, dattijon fadarmu ma ya ɗauki rakiyar Asabar tun da jikarsa ta shiga. Baɗi muna so mu karrama maigadin da ke buɗe mana ƙofa ranar hutunsa, kuma har yanzu muna neman uban da zai riƙa raka 'yan wajen unguwar Birni ranar Lahadi.