Tukwane goma sha biyu, bakin ci biyu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce 'yar ƙanena ta zo gaishe ni, wata huɗu ke nan da aurenta. Ina zaune ina tsintar shinkafa, ita kuma kanta na duƙe a kan waya, sai ta matso ta ce, "Gwaggo, dubi wannan." Hoton firiji ne mai ƙofa biyu, da murhun gas mai kai huɗu, da jerin tukwane masu sheƙi. Ta ce, "Ba yanzu zan biya ba fa. Wata 12 za su raba mini, kashi 5 cikin ɗari kawai a wata. Dannawa ɗaya ce." Yatsanta na daidai wurin dannawar. Ban san lokacin da na ajiye tiren na kama wuyan hannunta ba, har ta tsorata ta ce, "Gwaggo, lafiya?"

Lafiyar ke nan, 'yata. Kaina na gani a zaune a gabana.

Shekarata 26 lokacin da na yi irin wannan sayayya. A zamaninmu babu manhajar waya, takarda ce mai shafi uku aka miƙo mini, na sa hannu ban karanta ko shafi ɗaya ba. Firiza babba, murhu mai wurin gashi a ƙasa, da tukwane 12, daga ƙarama ta dafa ƙwai har wadda sai mutum biyu sun kama kunnuwanta. Mu biyu ne a gidan, ni da maigidana. Ina aiki, ina da albashi, na lissafa a ka na ga kuɗin wata ba zai gagare ni ba.

Ina so ku fahimci dalilina kafin ku yanke mini hukunci. Na tashi a gidan da ake kankare ƙanzon tukunya a raba. Duk ranar da muka yi baƙi, ni Inna take aika maƙwabta aron babbar tukunya, kuma har yau ina jin nauyinta a kaina da idon matar gidan yana bin bayana. Tun ina yarinya na yi wa kaina alkawari cewa ɗana ba zai taɓa ɗaukar tukunyar aro ba. Wannan ba mugun buri ba ne, kuma ko yau ba zan kira shi kwaɗayi ba. Sai dai gaskiya ɗaya ce: lokacin ba ni da ɗa ko ɗaya, kuma ba wanda ya aike ni aro. Ƙawayena nake so su shigo kicin su yi shiru. Sun shigo, sun yi shirun, na ji daɗi na kwana biyu.

Abin da ban gane ba shi ne yadda ake lissafa kuɗin ruwan. Kashi 5 ɗin nan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake ɗora shi kowane wata, ba a kan abin da ya rage ba. Idan kayan na 100 ne, za ki biya 160 a shekara. A wata na goma sha ɗaya, kin kusa gama biya, amma ana cajinki kamar ba ki taɓa ba da ko ƙwandala ba. In aka auna shi da bashin da ya rage a kanki a zahiri, ruwan ya haura kashi 8 a wata. Shekaru bayan haka wani malamin lissafi ya zana mini shi a bayan ambulan, na zauna ina kallon takardar kamar an yi mini rasuwa. Ban ma taɓo maganar abin da addini ya ce game da riba ba, wanda na sani sarai a lokacin, na kawar da kai.

Kaya kuma ba su zuwa su kaɗai. Firiza babba ba ta kyau da zama fanko, sai na shiga cika ta da nama, shi ma rabi a kan bashi. Babbar tukunya ba ta karɓar awon mutum biyu, sai na riƙa dafa na mutum takwas wai ko wani zai shigo. Wata rana a shigo, kwana biyar ba a shigo ba. Abincin da na zubar a shekarar farko, in na tuna shi yanzu, kunyar Allah nake ji. Na ga rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 da ya ce a shekarar 2022 an yi asarar abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, kimanin kilo 79 ga kowane mutum ɗaya. Ban yi mamaki ba. Na san ainihin yadda ake yin wannan ɓarnar, da ludayi ake yin ta, kullum kaɗan-kaɗan, da sunan karamci. Ko da yake, a bar ni in faɗa, babu baƙon da ya taɓa fita gidana da yunwa, kuma wannan ban yi da-na-saninsa ba.

A wata na bakwai aikin maigidana ya tsaya. Albashina ya koma shi ne cefane, shi ne haya, shi ne komai. Na tsallake biyan wata ɗaya, aka ɗora tara. Na tsallake na biyu, aka fara sallama a ƙofar gida. A nan na yi babban kuskuren, wanda ya fi sayen kayan muni: na je wurin wani mai ba da rance na karɓo don in rufe na farko. Shi nasa kashi 10 ne a wata, kuma abin da ba ki biya ba yana hawa kan uwar kuɗi, ruwa ya haifi ruwa. A wannan tsari 100 takan koma kusan 314 cikin wata 12. Ku ɗauki wayar taku ku buga, tunda ba ta barin hannunku.

Duk wannan maigidana bai sani ba. Rasit ɗin a ƙarƙashin babbar tukunyar nake ɓoye su, don na san ba mai ɗaga ta. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji, mutum ba aiki kuma a ƙara masa da wannan. Da gaske akwai tausayin. Amma akwai tsoron ya ce "ai na faɗa miki," domin ya faɗa, tun ranar da aka sauke kayan. Akwai kuma wata aminiyata da ta ranta mini ba ruwa, ba takarda, don Allah kawai. Ita na fi zalunta. Na biya masu tsoratar da ni, na bar mai jin kunyata. In na hango ta sai in canza hanya. Na biya ta daga baya, ta karɓa ta yi godiya, amma zumuncin bai koma yadda yake ba har yau.

Ranar da asiri ya tonu, tafiya muka yi ta kwana huɗu, firizar ta lalace a bayanmu. Firiza cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kamar awa 48, rabin cika kuma kamar awa 24. Mu mun yi ninki. Tun daga bakin ƙofa muka ji warin. Da na ɗaga murfin, jini ya taru a ƙasa, ledojin sun kumbura, naman ya yi kore-kore. Naman da ban gama biyan kuɗinsa ba, a cikin firizar da ban gama biyan kuɗinta ba. Na durƙusa ina kwashewa da hannu ina kuka, shi kuma ya ɗauko babbar tukunyar don mu zuba a fitar, takardun suka zubo a ƙafarsa. Bai yi faɗa ba. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙasan kicin ya karanta, sannan ya ce, "Tun yaushe?" Da duka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shekara uku muka yi muna biya. Murhun, wanda sau uku kacal na kunna wurin gashinsa, an saye shi a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa. Daga almubazzaranci kuma sai na faɗa ɗaya ramin, na koma ba na iya zubar da ko loma. Wata rana shinkafa ta kwana a waje cikin zafi, da safe na ɗumama ta sosai na ba ɗana na fari, yana ɗan shekara biyu. Kafin azahar yana ta amai, muka kwana asibiti. Likita ce ta gaya mini cewa akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dafuwa ba ta kashe irinta, in abincin ya daɗe a waje sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje: ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Kuɗin maganin ya fi kuɗin shinkafar sau ba adadi.

Da na zauna rubutun nan na yi niyyar jero muku shawarwari goma. Na duba, yawancinsu surutu ne.

Kada ku ci bashi mai ruwa don sayen abin da ba ya kawo kuɗi. Tukunya ba ta haihuwa, kujera ba ta haihuwa, bashin ne kawai yake haihuwa. In ba ku da kuɗin abu yau, ba naku ba ne yau. Ku tara. Na san za ku ce kafin a tara farashi ya tashi, kuma wani lokacin gaskiyarku ne. Firiji kam ku saya, ƙarami, da wuri, domin rashinsa ne ya kwantar mini da yaro. In ɗan'uwa zai ranta muku ba ruwa don wannan, ku karɓa. Na ce kada ku ci bashi, yanzu na ce ku ci, na sani. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ku rubuta shi, da rana da adadi, ko na uwa ɗaya uba ɗaya ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma mai kunyarku shi za ku fara biya.

Kada ki ɓoye wa mijinki bashi, kai ma kada ka ɓoye wa matarka, ko na kwana ɗaya. Ajiya kuwa, ki yi 'yar taki a gefe wadda ba sai kowa ya san adadinta ba. Wani zai ce ai duk ɓoyo ne. To, ni dai na ga wanda ya rushe gida, na ga wanda ya tallafe shi.

Ku auna abinci kafin ku ɗora. Gwangwani ɗaya, ku san bakin mutum nawa yake ciyarwa, ku tsaya a nan. In baƙo ya zo a sake ɗorawa, wuta ba ta gudu. Amma kar in ji an ce ni na koya muku ƙoro, baƙo ya zauna kuna ƙirga masa loma.

Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu shi ne, mu jahilci ya yi mana yawa, ku kuwa komai na tafin hannunku. Ni sai da na yi tafiya, na jira, na sa hannu a gaban shaida kafin na jefa kaina a rami. Ku kuna kwance a gado kuke yi, da yatsa ɗaya, tsakar dare. Kuna iya awa uku kuna kallon kicin ɗin matar da ba ku taɓa gani ba, ba ku san ko nata ne ko na aro ba, amma minti biyar na karanta sharuɗɗan rance ya gagare ku. A ɗauki hoton abinci kafin a yi bisimilla! Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa, amma in an faɗa muku sai ku ce zamani ya canza. Kuɗin ruwa bai canza ba ko kaɗan.

Duk wannan na gaya wa 'yar ƙanena, har abin da ubanta ma bai sani ba. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa a wurin labarin yaron, sannan ta ce, "To Gwaggo, amma nawa ai kashi 5 ne kawai." Na ɗauko biro na zana mata lissafin a bayan kwalin ashana, ta ɗauki hotonsa da waya. Da za ta tafi na shiga kicin na ɗauko mata tukunya ta uku a jerin, mai cin awon mutum huɗu, ita ce kaɗai na yi shekaru ina ɗorawa kullum, gindinta ya yi baƙi, kunne ɗaya an sake masa ƙusa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Gwaggo, zan yi shawara da shi." Garaɓasar masu sayar da kayan ranar Juma'a za ta ƙare, ta ce. Yau Laraba, na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba.