Amfilifayar da na zaɓa

Jama'ar Nima ta Accra, na yanke shawara: sabon kwafin amfilifayar gita Fender Deluxe Reverb na 1965 zan saya. Wat 22, bawul (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) samfurin 6V6 guda biyu, sifika inci 12. Da na gwada, na jira bawul suka yi ɗumi suna jan haske, na kaɗa highlife, sautin ya fito da kauri, in ka ƙara murya ya ɗan yi kaushi mai daɗi. Wallahi har tsigar jikina ta tashi.

Tsohon asali ya fi ƙarfin aljihuna, kuma yawanci wutar Amurka yake ci, sai da tiransifoma. Sabon akwai mai cin wuta bolt 230 irin tamu. Nauyin ne dai, kusan kilo 19. Wa zai kama mini zuwa trotro, motar haya?