Baƙon da aka gayyata bayan an gama shiri

Duk wanda ya yi aikin shirya wasannin tsohon kiɗan Turai ya san irin wannan zama. Kujeru sun fara zama babu kowa, masu zuwa duk sun manyanta, sai shugaba ya ce a nemo mai ud (molon Larabawa) ko mai kora (abin kiɗa mai tsirkiya na Afirka ta Yamma) a saka, ko mutanensa za su sayi tikiti. A lokacin kuwa an riga an zaɓi kiɗe-kiɗen, an raba kwanakin gwaji, takardar shiri tana wurin bugawa. Ban ga kuskuren da ya kai wannan tsada ba, kuma in wasa ya lalace ba shugaban ake tuhuma ba, mai kula da dandamali ake ɗora wa.

Daga ɗaurin tsirkiya matsalar take farawa. Masu kaɗa kiɗan zamanin barok, wato na Turai daga wajen 1600 zuwa 1750, galibi suna daidaita sautin da ake kira A a kan girgiza 415 a daƙiƙa, baƙo kuwa yawanci a kan 440 zai zo. Tazarar ta kusa rabin mataki cur. Kora tsirkiya 21 gare ta, in mai zoben fata ce sai an ja kowanne da hannu, kuma ba ta zama daram nan take. Wanda aka ce ya sauke ta awa ɗaya kafin wasa, a tsakiyar kiɗa za ta zame masa. Hafsikod, wato tsohon abin kiɗa mai madannai kamar fiyano, da yawa ana iya gusar da madannansu zuwa 440, amma sai an sake daidaita su gaba ɗaya. Saboda haka a yanke maganar sauti tun ranar da aka aika gayyata, kuma mai kayan da ya fi wuyar sauyawa shi za a bi.

Ud kuma tasa daban ce. A maƙamin Rast, wani tsarin jerin sautuka na kiɗan Larabawa, sauti na uku yana faɗowa ne tsakanin madannai biyu, hafsikod ba ta da shi sam. In ta dage sai ta raka mai ud da cikakken amo, kunnen Bature zai ji kamar shi ne ya kauce, alhali shi ke kan daidai. A bar ta ta riƙe sautin tushe da na biyar kawai, biyolin ya bi shi tunda wuyansa ba shi da matakai. Sannan mutumin da ya koyi kiɗa da kunne ba a miƙa masa takarda a ce gobe a haɗu. A tura masa sautin da aka naɗa makonni kafin lokaci, a ware gwaji uku aƙalla, na farko ba tare da takarda a gaban kowa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, dangantakar tsohon kiɗan Turai da na Larabawa da na Afirka ba ƙirƙira ba ce. Sunan lut, molon Turai, daga al-ud na Larabci ya fito. Zanen da ke cikin kundin waƙoƙin Sarki Alfonso na 10 na Kastil, a ƙarni na 13, ya nuna Musulmi da Kirista suna kiɗa tare. Vicente Lusitano, mai tsara kiɗa ɗan Portugal mai jinin Afirka, ya buga waƙoƙinsa a Rum a 1551. Jordi Savall, jagoran makaɗan tsohon kiɗan Turai, ya zauna da Ballaké Sissoko, mai kora na Mali, a matsayin abokin aiki. Duk da haka sai a ba baƙo minti biyar kafin hutun rabin lokaci, kamar ado.

Mutanen da ya jawo kuwa suna gani. Suna gani in an yanke masa taƙsimi, wato kiɗan da yake ƙirƙira nan take, don agogo, suna gani in mai gadin ƙofa ya harare su don sun yi shewa a tsakiyar kiɗa. Mozart da kansa ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris a 1778 yana murnar an tafa masa ana cikin kiɗa. A faɗa wa ma'aikatan zaure wannan kafin a buɗe ƙofa.

Sauran ƙanana ne. Tsirkiyar hanji tana saki da zafin fitilu, a bar minti biyu na gyara tsakanin kiɗe-kiɗe. Ud ba ta da ƙarfin murya, a sa mata makirfo ɗaya kusa. Kuɗin gwaji a biya shi daidai da na kowa, sunan baƙo kuma a buga shi da girman haruffa ɗaya da na jagora.