Ganyen shuka ya koma rawaya? A leƙa gindin tukunyar kafin a zuba taki

Duk wanda ya ga ganyen lemun tsaminsa ko fulawarsa ya fara komawa ruwan ɗorawa, abu biyu ne ke fara zuwa masa a rai, ya ƙara ruwa ko ya barbaɗa taki. Ni kuwa a cikin shukokin tukunya da na gani a gidajen mutane, waɗanda suka shekara biyu uku a bokitin fenti ɗaya ba a taɓa su ba, yawanci ba ƙishi ba ne kuma ba ƙarancin taki ba ne kaɗai, wuri ne ya yi musu kaɗan. Saiwa ta cika bokitin ta rasa inda za ta bi sai ta dinga zagaye tana nannaɗe kanta kamar gammo, ƙasar ma ta kusa ƙarewa.

Ganewa ba wuya. Ka zuba ruwa ka ga nan take ya zarce ta ƙasa, ko ka ba ta da safe kafin azahar ta yi yaushi, ko ka ɗaga tukunyar ka ga saiwa ta leƙo ta hujin gindi. Kuma ganyen ƙasa, tsofaffin, su ke fara yin rawaya su zube, saboda in sinadarin naitirojin ya yi ƙaranci shuka tana janye shi daga tsohon ganye ta kai wa sabon toho. Amma in sabon ganyen ne ya koɗe jijiyoyinsa kuma suna nan kore shar, toh wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, lemu ya fi yawan yin haka. In kuma ƙasar kullum a jiƙe take tana ɗan wari, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, ruwa ne ya yi yawa ta fara ruɓewa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya ɗebo takin zamani irin su yuriya ko NPK 15-15-15 cike da hannu ya antaya a tukunyar da saiwa ce zalla a ciki. Babu ƙasar da za ta riƙe shi, ƙona saiwar kawai zai yi, bakin ganye ya bushe, a ce wai shukar ce ba ta da kyau.

Sauya mata wuri za a yi. Ka ba ta ruwa tun da dare, washegari da yamma in rana ta yi sanyi ka kwantar da tukunyar ka bubbuga gefe ta zame a hankali, in ta ƙi ka yanka bokitin kawai, kar ka fizgo ta ta kara. Sai ka warware saiwar da yatsu, in ta dunƙule tamau ka sa wuƙa mai kaifi ka tsaga gefen wuri uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa, wadda ta mutu ka datse. Mutane na jin tsoron wannan yankan amma in ka dasa ta a nannaɗe haka za ta ci gaba da zagayenta a sabon wurin ma.

Sabuwar tukunyar ta ɗara tsohuwar da kamar santimita 5 a faɗi ya isa. Kar a ɗauko rabin duro a saka ƙaramar shuka, ƙasa mai yawa ruwa take riƙewa saiwa ta ruɓe. Huji a gindi dole ne. Tsakuwar da ake jerawa a ƙasa kuwa ba ta taimaka wa ruwa fita, wuri kawai take ci. Ni ina haɗa ƙasar gona da yashi da kashin shanu wanda ya daɗe ya rududduge, in akwai buntun shinkafa in ƙara. Ɗanyen kashin kaji kam a'a, zafi gare shi. Kuma a bar wuyan shukar daidai inda yake a da, kar a binne shi.

Bayan nan inuwa ta sati guda, taki sai bayan wata. Lokacin sauya tukunyar kuwa farkon damina ya fi, tsakiyar bazara watan Afrilu wahalar da ita kawai za ka yi. Ganyen da ya riga ya yi rawaya ba zai dawo kore ba fa, ƙila ma wasu su ƙara zubewa a satin farko, sabon tohon za ka dinga dubawa.