Rediyo mai sola da hannun murzawa: abin da damina uku suka nuna mini

A watan Disamba na 2021 ƙanina da ke aiki a birnin Houston na jihar Texas a Amurka ya zo gida, kuma cikin tsarabar da ya kawo mini akwai wata 'yar rediyo ja wadda tsawonta bai fi tafin hannu da rabi ba. A samanta akwai ɗan farantin sola mai faɗin yatsu biyu, a bayanta akwai hannu da ake buɗewa a murza, a goshinta akwai tocila, sannan a gefe akwai ƙofar cajin waya. Da yake miƙo mini ita sai ya ce, "Yaya, wannan ba ta jin waƙa ba ce, ta ranar da komai ya tsaya ce." Yana da dalilin faɗin haka, domin yana Houston a watan Agusta na 2017 lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da unguwanni da dama na birnin, kuma tun daga lokacin bai sake zama a gida babu irin wannan rediyo ba.

Ya yi mini bayanin yadda take aiki a can. Hukumar NOAA ta gwamnatin Amurka, mai kula da yanayi da tekuna, tana da tashoshi sama da 1,000 waɗanda ba su da wani shiri sai rahoton yanayi dare da rana, a kan mitoci 7 tsakanin megahaz 162.400 da 162.550, kuma kowace tasha tana kaiwa kimanin kilomita 60 daga inda take. Mutum yana iya barin rediyonsa a kunne amma shiru. Idan guguwa ko ambaliya ta tunkaro yankinsa, tashar za ta aiko da wani sauti na musamman wanda zai sa rediyon ta farka da kanta ta yi ƙara, ko da tsakar dare ne. Waɗannan tashoshi ake kamawa da maɓallin da aka rubuta WB a jikinsa, wato zangon rahoton yanayi.

A daren nan muka gwada a tsakar gidana da ke wani ƙauye kusa da Auyo a jihar Jigawa. Muka bi mitocin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, muka zaro eriya har ƙarshe, ba mu ji komai ba sai shuu. Ƙanin nawa ya yi dariya ya ce ai shi ma bai yi tunani ba, tashoshin na Amurka ne, kuma siginarsu ba ta ƙetare teku. Na ga 'yan kasuwa suna tallata irin waɗannan rediyo a intanet da sunan rediyon gargaɗin yanayi, har suna ƙara kuɗi saboda wannan maɓalli, alhali a ƙasarmu ba zai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Wanda zai saya a nan, abin da ya kamata ya duba shi ne ko tana da FM, da matsakaicin zango wanda ake rubuta AM ko MW, da kuma gajeren zango mai alamar SW, domin da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da gajeren zango sam. Tawa na yi sa'a tana da shi. Duk da haka raina ya ɗan sosu, na jefa ta cikin durowa, ta yi wata takwas ban waiwaye ta ba.

Daminar 2022 ce ta sa na tono ta. Wannan ita ce shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mu da ke kwarin kogin Haɗejia mun san cewa ruwan da ke cinye mu ba lallai ne ya sauka a kanmu ba. Yana iya sauka a ƙasar Kano, ya bi ta madatsun Tiga da Challawa, ya iso mu bayan kwanaki alhali sararin samaniyarmu garau yake, ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tana mayar da shi gonaki. Saboda haka duban hadari bai isa ba, sai an ji labarin abin da ke faruwa a wuraren da ruwan ke gangarowa daga can. A watan Satumba aka ɗauke wuta kwanaki a jere, sabis ɗin waya ya riƙa zuwa yana tafiya, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya, mai cajin waya da janareta kuma ya rufe shago saboda hanyar da ake kawo masa fetur ta yanke.

Da na ɗauko rediyon na kunna, ko fitilarta ba ta kama ba, domin batirin da ke cikinta ya tsiyaye a zaman durowa. Na buɗe hannun na fara murzawa. A cikinta akwai ɗan dainamo irin wanda muka sani a jikin tayar keke, wanda ke mayar da juyi ya zama wuta. Abin da na lura shi ne ba ƙarfi yake so ba, daidaito yake so: kamar zagaye biyu a daƙiƙa ɗaya, ba tare da fizga ba. Na duba agogo na auna, na ga murzawar minti ɗaya tana ba ni sauraron minti shida ko bakwai idan murya tana ƙasa, idan kuwa na ƙure murya don maƙwabta su ji, ko minti huɗu ba ta kaiwa. Muka tsara abin a tsakaninmu, yarana biyu suna karɓa-karɓa na minti biyar kafin lokacin labarai, mu kuma manya mu zauna a zaure mu saurara.

A wata tashar FM ta jiharmu muka ji sanarwar cewa ruwa ya ƙaru a garuruwan da ke gabanmu ta yamma, ana kira ga mazauna bakin kogi su koma tudu. Washegari da asuba muka fara cika buhunan yashi muna ƙarfafa jingar da ke bayan gari, na kwashe buhunan hatsi da takardun yara na kai gidan surukina da ke kan jigawa, muka kora awaki can. Ruwan ya iso bayan kwana biyu. Shinkafar da na shuka a fadama ta tafi duka, katangar bayan gidana ta zube, amma abincin da muka ci har kaka ta gaba yana cikin buhunan nan da muka kwashe. Wani dattijo maƙwabcina, wanda da farko ya ce wannan abin wasan yara ne, shi ne daga baya yake fara sallama a zaure kafin ƙarfe bakwai yana cewa, "Malam, a murza mana mu ji."

Cajin waya kuwa shi ne inda na fi yaudarar kaina. Na ɗauka tunda akwai ƙofar caji, to matsalar waya ta ƙare. Babban ɗana ya murza na minti goma sha biyar har kafaɗarsa ta ƙage, babbar wayata ba ta ƙaru da abin da ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Da muka jona ƙaramar wayar uwargida mai madannai, murzawar minti goma ta isa a yi gajeren kira a lokacin da sabis ya leƙo, kuma da wannan kiran muka sanar da 'yan uwa a Kano cewa muna lafiya. Batirin rediyon an rubuta masa 2000mAh, wato ko yana cike bai kai rabin batirin wayoyin zamani da yawa ba. Tun daga nan na daina ba da ita a yi caji sai dai don kira na dole, domin wutar da waya za ta zuƙe a minti kaɗan ta isa a ji labarai na kwana biyu.

Farantin solar ma haka yake. Ƙanƙantarsa ta sa ba ya iya cika batirin da ya mutu a yini ɗaya. Aikinsa shi ne ya riƙa ƙara 'yar wuta don kada abin da ke ciki ya ƙare, kuma a ranakun da aka fi bukatarsa, wato ranakun hadari da marka, a lokacin ne ya fi rauni. Rashin fahimtar wannan ya jawo mini asara a bazarar 2023. A watan Afrilu na riƙa ɗora rediyon a kan rufin kwano tun hantsi har la'asar, ina ganin kamar gata nake yi mata. Bayan kamar mako biyu na ga murfin bayanta ya ɗago, da na buɗe sai na tarar batirin ya lalace saboda zafi. Batirin litiyam ba ya jure zafin da kwano ke ɗauka a bazararmu, yana rage masa rai, wani lokaci ma yana iya kama wuta. Allah ya taimake ni nata irin mai kama da 'yar gora ne mai lamba 18650 wanda ake cirewa, na samu wani a wurin mai gyaran waya a kasuwar Haɗejia. Akwai rediyon da batirinsu a liƙe yake ciki, idan ya mutu sai dai a dogara da murzawa kaɗai. Yanzu ina shanya ta ne da safe a kan tabarma ko benci na katako, in ɗauke kafin rana ta take, cikakken cajinta kuwa da waya nake yi mata duk lokacin da aka kawo wuta.

Da na bincika asalin abin, na ga ashe tun farko saboda irinmu aka ƙirƙiro shi. Wani Baturen Ingila mai suna Trevor Baylis ne ya ƙera rediyo mai murzawa a 1991, bayan ya kalli wani shirin talabijin kan yaɗuwar cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka nuna cewa saƙon wayar da kai ba ya isa ƙauyuka saboda tsadar batir da rashin lantarki. Tasa da zaren ƙarfe mai naɗewa take aiki kamar tsohon agogon bango, kuma a tsakiyar shekarun 1990 aka fara ƙera ta da yawa a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu.

Zaman gona ya koya mini wasu abubuwan da ba a rubuta a takardar da ta zo da rediyon ba. Lokacin tsaron tsuntsu da girbin shinkafa nakan kwana a bukka a fadama, kuma a can na gane cewa matsakaicin zango yana jin tsawa kafin kunnena ya ji ta. Idan ana walƙiya a nesa, sai a riƙa jin ƙaras-ƙaras a cikin rediyon, idan ƙarar tana yawaita tana ƙara ƙarfi to hadarin yana matsowa. Sau biyu wannan ya ba ni damar lulluɓe shinkafar da aka sheƙe da tamfol kafin iska ta taso. Gajeren zango kuma yana da lokutansa: da rana tashoshin da ke mita 16 da 19 sun fi fitowa, da dare kuma sai a koma mita 31 da 41 da 49. Na ɗaura wayar lantarki mai tsawon kamar taku goma a bakin eriya na rataya ɗaya bakin a reshen bishiya, sashen Hausa na BBC da na RFI suka fito tangaram, amma da zarar na ga walƙiya nake cire wayar, domin doguwar waya a fili lokacin tsawa kasada ce da rai. Na kuma lura cewa wasu fitilun caji masu araha suna cika rediyon da ƙugi idan suna kusa, sai an matsar da su.

Tashoshin waje suna ba da labarin ƙasa baki ɗaya, kamar yadda muka ji fashewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, amma ba su san sunan ƙauyenmu ba. Labarin da ke sa mutum ya kwashe hatsinsa daga tashar jiha yake fitowa, inda ake karanta hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da gargaɗin ambaliya na NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna, da sanarwar hukumar agajin gaggawa da Hausa. Tunda babu ƙararrawar da za ta tashe ni kamar ta ƙanina a Houston, dole ni ne zan san lokacin labarai in kunna. Saboda haka na rubuta mitoci da lokutan shirye-shirye a 'yar takarda na manna a bayan rediyon da salatif, kuma ina sabunta ta, domin abubuwa suna canzawa; a watan Maris na 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda muka saba ji tun muna yara, ya yi shiru, sai da na soke layinsa.

Bana tun kafin ruwan farko na fito da ita na yi mata abin da na saba yi duk wata: na cika ta da caji, na murza hannun na minti ɗaya don in tabbatar haƙoran roba da ke ciki ba su ci ba, na gwada tocila, na bi zangunan uku. Batira uku ƙanana na ko-ta-kwana da take ɗauka na naɗe su daban a leda, domin waɗanda na taɓa bari a ciki sun zubar da ruwa sun ci ƙarfen. Na sa ta cikin leda mai zif tare da ƙaramar wayar uwargida da katin shaidarmu, na rataye jakar a ƙusa ta sama kusa da ƙofar ɗaki, taku ɗaya sama da layin da ruwan 2022 ya bari a jikin bango.